Lansir a Kan Soro

Wata uku Sha'aban ya yi yana gwada shuka lansir a cikin ruwa zalla, a bahunan roba shida. A tsakar gidansa da ke Daura katanga ta tare rana, sai ganyen ya fito dogo, fari-fari, babu yaji. Da ya hau da bahunan kan soro, hasken hantsi ya karɓe su, ganye ya yi kore shar. Sai dai in rana ta take dole a rufa musu tabarma, in ba haka ba ruwan ya yi zafi, saiwa ta dahu.

Daga kan soron ana hango cikin gidan maƙwabcinsa Ɗantsoho. Don haka kafin ya taka tsani sai ya ɗaga murya, "Za a hau sama!" matan gidan su shige ɗaki.

Ran Talata da safe ya yaye tabarmar ya sauko, sai ga Ɗantsoho yana sallama.

"Malam Sha'aban, iyali ta sauka, an samu namiji. Gida cike yake da 'yan barka, ga wankan jego. A ɗaga mana hawan nan sai bayan suna."

"Kwana bakwai? Lansir ɗina fa?"

"Haba, ɗan ganyen kwaɗo? In sayo maka na kasuwa."

Sha'aban ya yi barka, ya ce to.

Da azahar ya tsaya gindin tsani da tabarma a kafaɗa. In ya hau ido a rufe, ya saɓa alkawari? Shi ba zai ga kowa ba, amma su za su gan shi. Ya taka matakala biyu, ya jiyo dariyar mata, ya sauko yana tsaki. Haka Laraba ma.

Ran Alhamis matarsa Barakatu ta ɗago kai daga tsintar shinkafa.

"Malam, ni fa mace ce. Wa zai hana ni hawa?"

Ta hau, ta leƙa ta gaida mai jego ta saman katanga, ta miƙo masa baho ɗaya. Ganyen ya ƙone ƙurmus, ruwan yana wari.

"Kwana uku kina kallona, ba ki ce komai ba!"

"Kai ka ce ko inuwata kada ta kusanci bahunan nan, ranar da na ƙara musu ruwan wanke-wanke."

Ya duba bahon, ya duba ta.

"Miƙo sauran biyar ɗin," in ji shi.