Matsafin Da Aka Hana Kwanciya

Auta mai gyaran firiji ne, kuma ina ganin daga nan matsalar ta faro. Mutumin da ya kwashe shekaru yana tsugune bayan firiji yana lalube har ya gano wayar da ta tsinke, da wuya ya yarda akwai abin da ya lalace har abada. Shi a wurinsa komai haƙuri ne da sukudireba. Shi ya sa ranar da hawan jini ya kayar da yayansa a gaban allo, yana tsaka da koyar da ɗalibai, Auta bai zubar da hawaye ko ɗigo ba. Tare likita ya yi a bakin ƙofa ya ce, "Me za a canza?"

Likita ya ce ba abin da za a canza. Ɓarin dama ya shanye, magana za ta dawo da kaɗan-kaɗan, amma da yawa daga abin da ya sani ya zube. "Ku riƙa tuna masa abubuwa," in ji likita, "amma a hankali." Auta ya ɗauki farkon maganar ya bar ƙarshenta a asibiti.

Kullum ya rufe shago, ko wanka ba ya tsayawa yi, sai gidan Yaya. Zai ja kujera har gwiwarsu ta haɗu, ya zaro waya ya fara.

"Yaya, wane ne wannan a hoton? Kalli da kyau. To, gidan da muka tashi fa, wace kala ce ƙofar? Haba Yaya, kai fa ka yi mata fenti."

Yaya zai ƙura wa hoton ido har gumi ya tsattsafo masa a goshi, sannan ya ce, "Yi haƙuri." Ya san sunan Auta, don an gaya masa, amma yana kiran sunan ne kamar yadda ake kiran maƙwabcin kirki. Wannan shi ne abin da ke cin Auta. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, Yaya ne ya goya shi, ya kai shi makaranta, ya zane shi ranar da ya gudu daga ita, ya kuma saya masa akwatin kayan aiki na farko. Auta yayansa yake so a dawo masa da shi, cikakke, da tsiyarsa da dariyarsa.

Matar Yaya, wadda Auta ke kira Anti, ta sha yi masa magana. "Auta, ka bar bawan Allah ya sha shayinsa. Kullum jarrabawa? In ka tafi fa ba ya iya cin abinci."

"Anti, likita ne ya ce."

"Likita ba ya kwana a gidan nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Auta ya ce to, washegari ya dawo da sababbin hotuna.

Da hotunan suka ƙi ci, sai ya tuna da wasansu. Tun suna samari Yaya ya kawo musu shi, ba su kuma daina ba har furfura ta fara leƙo su. Duk Asabar su huɗu suke kewaye tebur: Yaya, Auta, da abokansu biyu, Tela da Direba. Kowa ya ƙirƙiri mutum nasa, ya ba shi suna da hali da tarihi, ya riƙa magana da bakinsa. Mutum ɗaya shi ne mai labari, shi ke shimfiɗa duniyar, da garuruwanta da dodanninta. In an zo abin sa'a, sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya raba gardama. Anti tana kiran abin shirmen masu gemu, amma ita ke tambaya daga kicin ko an ceto gimbiyar.

Yaya ne mai labari kusan kullum. In kuwa ya sauka ya yi wasa, mutuminsa ɗaya ne: wani tsohon matsafi mai baƙar rowa da ake kira Mai Fitila, wanda ya haddace sunan kowace iska. A labarinsu na ƙarshe Mai Fitila ya faɗa rijiyar gishiri ya mutu, Yaya ya buga tebur yana dariya ya ce su jira, zai dawo musu da shi gawa mai tafiya, su ga ta kansu. Kafin wata Asabar ɗin ciwo ya riga shi.

Auta ya ƙudurta a ransa cewa nan wayar da ta tsinke take. In aka zaunar da Yaya a tebur aka ce ya tayar da Mai Fitila, dole wani abu ya haɗu.

Ranar Asabar da yamma suka buɗe teburin ninkewa a falon Yaya, suka tokare gajeriyar ƙafar da murfin kwalba kamar kullum. Auta ya shimfiɗa taswirar da Yaya ya zana da hannunsa a bayan kwalin firiji, ga tsaunuka da jan biro, ga teku da shuɗi, ga zoben da kofin shayi ya bari a tsakiyar hamada. Tela ya zo da ɓarauniyarsa mai yatsu shida. Direba ya zo da jaruminsa, ƙaton da ke kashe dodo da hannu ɗaya amma yake gudun kaza. Anti ta kamo Yaya ta zaunar da shi, ta ɗora masa shanyayyen hannun a kan filo.

Auta ya zauna a kujerar mai labari. Bai taɓa zama a kanta ba, ya ji ta yi masa faɗi.

"Yaya," ya ce, "yau za ka yi sabon mutum. Matsafi ne, ya mutu, ya kuma taso. Ni zan yi tambaya, kai ka amsa."

Direba ya ɗaga yatsa. "A tuna doka dai."

Teburin yana da doka, Yaya da kansa ya kafa ta tun lokacin da Tela da Direba suka kusa dambe a kan ko ɓarauniya tana iya iyo. Mai labari tambaya ce tasa kawai. Abin da mutum ya faɗa a kan mutuminsa, ba mai cewa ba haka ba ne. Sai dai mai labari ya ce, "Ya zauna," wato maganar ta tabbata, a wuce gaba. Suka maimaita wa Yaya dokar, ya saurara kamar yau ya fara jin ta.

"Doka mai kyau," ya ce. "Wa ya yi ta?"

Tela ya sunkuyar da kai yana gyara takardarsa.

"Mene ne sunan matsafin?" in ji Auta.

Yaya ya daɗe yana kallon taswirar. Maganarsa yanzu tana fitowa ne a rarrabe, kowace kalma sai ya nemo ta. "Ba shi da suna. Ya bar shi... a ƙasa."

"A'a Yaya, ai sunansa Mai Fi..."

"Doka, Auta," in ji Tela a hankali.

Auta ya haɗiye sauran. "Ya zauna. Yaya kamanninsa?"

"Dogo. Rabinsa mai sanyi ne. Yana jan ƙafa." Yaya ya ɗan yi murmushi da ɓarin bakinsa mai motsi. "Rigarsa mai kyau ce. Matarsa tana goge masa."

Direba ya yi dariya ya ce gawa ma ta fi shi gata, shi rabonsa da gogaggiyar riga tun bikin ƙanwarsa. Kowa ya dara, har Anti da ke tsaye jikin labule. Auta ya ji daɗi, ya ɗauka an kama hanya.

"Ya zauna. Wane tsafi ya iya?"

"Da can ya iya da yawa. An ce... iska ma tana jin maganarsa. An ce." Ya ɗaga kafaɗar hagu. "Yanzu ya iya riƙe cokali da wannan hannun. Sabo ne. Jiya ya koya."

"Ya zauna," in ji Auta, amma muryarsa ta sauka. Ya duba tambayar da ke biye a takardar da ya rubuto, wadda ake yi wa duk mataccen da ya taso, ya yi ta ba tare da tunani ba. "Me ya dawo da shi daga kabari?"

"Ba shi ya dawo ba. Dawo da shi aka yi."

"Wa ya dawo da shi?"

"Yaronsa. Wanda ya koya wa aiki." Yaya bai ɗago ba, yatsansa na bin bakin teku a kan kwalin. "Yaron kirki ne. Yana son shi sosai. Tsoro yake ji... kar a bar shi shi kaɗai. Sai ya tono shi. Kullum yana zuwa da yamma, ya ce, maigida, faɗi sunan iskar gabas. Maigida, kai fa ka koya min. Shi kuma bai sani ba. Yana nema, yana nema, ba komai a wurin. Sai ya ga fuskar yaron ta faɗi. Kullum sai ya sa yaron baƙin ciki. Kullum."

Bakin Auta cike yake da magana: ba haka nake nufi ba, likita ne ya ce, don kai nake yi. Da a ko'ina ne da ya faɗe su duka, ya kuma yi nasara, don Yaya ba shi da bakin gardama yanzu. Amma a kan tebur suke, shi ne kuma a kujerar mai labari. Garin neman gira ya kusa rasa ido, ga shi an hana shi ko kare kansa.

"Ya zauna," ya ce, da ƙyar.

Tela ya taɓa hannunsa. "Ko mu tsaya haka?"

"Saura," in ji Yaya. "Ko ba saura?"

Da saura. Auta ya share hanci da bayan hannu. "Me yake so? Me yake nema a duniya?"

"Yana so a zo gaishe shi. Shi. Kowa ya shigo, wancan yake nema. Sai su leƙa cikin idonsa... ko wancan yana ciki. Ba mai tambayar wannan ya ya kwana." Ya tsaya ya huta, numfashinsa na fita da nauyi. Sannan ya ɗago ya dubi Auta sosai, ba da bakin matsafi ba. "Auta. Mutumin nan da kuke ba ni labari. Mai fenti, mai zane, mai dariya. Ni ma ina son shi. Na so a ce na san shi. Na neme shi, wallahi na neme shi, don kai. Ba ya nan."

Anti ta saki labulen ta shige ciki. Direba, ƙato guda, ya rufe fuska da hularsa.

A teburin nan, in mutumin wani ya mutu a labari, sukan yi masa addu'a cikin raha kafin a ci gaba. Tela ya buɗe baki don ya yi hakan, wataƙila don ya sassauta abin, amma da maganar ta fito babu raha a cikinta ko kaɗan.

"Allah ya jiƙansa," ya ce.

Aka jira Auta. Ya dubi mutumin da ke zaune a gabansa da rai, da fuskar Yaya, da tabon da ke haɓar Yaya, da gogaggiyar riga. Watanni yana gudun kalmar nan. Ya gane cewa yayan da ya goya shi ya tafi tun ranar da ya faɗi a gaban allo, shi kuma ko zaman makokinsa bai yi ba, yana can yana neman wayar da ta tsinke. Kukan da ya ƙi yi a asibiti ya zo masa gaba ɗaya, irin na yara, da shessheƙa da majina, a gaban Tela da Direba.

"Amin," ya ce.

Yaya ya miƙo hannunsa mai lafiya, ya tsallake tsaunuka da teku, ya ɗora a kan Auta, yana ɗan bubbugawa kamar yadda baƙo mai tausayi zai yi wa wanda aka yi wa rasuwa.

"Sannu," ya ce. "Sannu. Babban rashi ka yi."