Guntuwar Sandar Giya

Wata bakwai Sirajo ya yi bai riƙe sitiyari ba. Tun ranar da tirela ta goge shi a hanyar Kamba, yana dawowa da wata mota daga Kwatano, kafaɗarsa ta dama ta karye wuri biyu. Mai ɗori na garin Gulma ya yi iya yinsa, ƙashi ya haɗe, amma hannun bai koma yadda yake ba. Ba ya miƙewa duka. Yatsu biyu na ƙarshe kuwa ko an tsunkule su ba ya ji. Da farko abin yakan sa shi hawaye a ɓoye. Daga baya hawayen suka ƙare, sai ya riƙa zama a zauren gidansu na unguwar Badariya yana kallon hannun kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Lokacin ba a daɗe da ba Kabi jiharta ba. Ma'aikata na ta kwararowa daga Sakkwato, kowa na neman ɗaki, kowa na neman mota. Alhaji Riskuwa, dillalin motoci na unguwar Nasarawa wanda Sirajo ke yi wa tuƙi kafin hatsarin, bai taɓa ciniki irin na shekarar ba. Wata Litinin ya aika aka kira Sirajo.

Ya same shi tsaye kusa da wata ƙaramar mota ja mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa da ita kamar ta durƙusa.

"Ka ganta?" in ji Alhaji. "Wani injiniya na Argungu, Zulkifli, shi yas saye ta. Amma ya ce sandar giyarta ta cika tsawo, wai kamar muciya. Guntuwa yaka so, irin ta masu tsere. Ka tahi garejin Malami ka zaɓo, a sa mata. Ran Laraba kai za ka kai mai ita da kanka."

Sirajo ya ce, "To, Alhaji."

"In ta kai lahiya, Litinin mai zuwa ka bi direbobina, su Tamba, Kwatano. Wurinka na nan."

Duk maganar nan Alhaji bai dubi hannun ba. Tayar mota yake duba. Sirajo ya gane gwaji ne, ya kuma gane ba za a kira shi da sunansa ba. Ya jira ya ji murna ko tsoro. Bai ji ko ɗaya ba.

Da Alhaji ya shiga ciki, Sirajo ya buɗe motar ya zauna. Ya taka kuloci, ya ɗora hannu kan sandar. Lamba ɗaya ta shiga, biyu ta shiga, uku ma da ya ɗan karkata. Ta biyar ce can gaba, can dama, sai da ya ɗaga bayansa daga kujera kafin ya kai. Ya daɗe zaune a haka. Sai wani lissafi ya zo masa mai sauƙi: in sanda ta gajarta, tafiyar hannu ta gajarta. Abin da injiniya ke so don ado, shi zai zame masa magani.

Garejin Malami na ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro ne, ƙasar wurin ta yi baƙi da mai. Malami dattijo ne mai barkwanci, shi ya koya wa Sirajo ɗaure fulogi tun kafin ya yi gemu.

"A'a, mutanen Kwatano!" in ji shi. "Ka yi ƙiba, Sirajo. Tuwon shinkafa ya karɓe ka."

"Zama ne, Baba."

"Zama ma aiki na. Ni shekara talatin ina nema ban samu ba."

Ya shiga rumfa ya fito da sanduna biyu ya ajiye kan benci. Ɗaya ta ɗan fi taƙi ɗaya, baƙa, kanta na roba. Ɗayar guntuwa ce ƙwarai, kanta na ƙarfe mai sheƙi, an ciro ta daga wata mota da ta yi hatsari.

"Ko kuma in yanke ta jikin motar in yi walda," in ji Malami, "amma injiniya zai ga tabo, shi ce mun cuce shi."

Sirajo ya ɗauki guntuwar da hannun hagu. Ya juya ta. Ya mayar da ita hannun dama, ya kaɗa ta gaba da baya cikin iska. Ba nauyi. Tafiyar ba ta kai faɗin tafin hannu ba.

"Wagga," ya ce.

Malami ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa. "Wagga tana da taurin kai hwa."

"Ita injiniya zai so."

"Hakanan na. Amma baƙar ma guntuwa ta. Kuma ta hi ladabi."

"Wagga dai, Baba."

Malami ya buɗe baki, idonsa ya kai ga kafaɗar Sirajo, sai ya kawar da shi ya dubi bishiya. A garin nan ba a ce wa namiji ƙarfinsa ya ragu, ballantana wanda ka rena da hannunka. Shi ma Sirajo bai ce don me ya zaɓe ta ba. Ko da aka ɗaura ta washegari, Malami ya ce ya shiga ya gwada, mutane na zaune a benci suna shan shayi, Sirajo ya ce ba sai ya gwada ba, aikin Baba ai ba ya son gwaji. Malami ya naɗe tsohuwar doguwar sandar a takardar siminti ya jefa bayan kujera.

Ran Laraba da hantsi Sirajo ya tada mota. Lamba ɗaya ta ƙi. Ya sa hannu biyu ya tura, ta shiga da ƙara, ƙwas. Ya ce a ransa sabon abu ne. Ya hau titi, ya jawo ta baya zuwa lamba biyu, ta zo, don ja bai gagari hannun ba. Da ya fita gari inji ya fara kuka yana neman lamba uku. Ya taka kuloci ya tura.

Sandar ta tsaya tsakiya. Ya ƙara turawa. Bai ji zafi ba, sai dai hannun ya tsaya kamar ya dafa bango. Nan ya gane abin da Malami yake nufi da taurin kai. Doguwar sanda tana yi wa hannu rabin aiki, kamar gorar da masunta ke tura jirgi da ita. Guntuwa kuwa tafiyarta kaɗan ce, amma duk ƙarfin daga kafaɗa take karɓarsa. Shi kuma tsawon hannu ya yi ta aunawa, bai auna ƙarfi ba.

Ya saki sitiyari ya ƙetaro da hannun hagu. Motar ta kwasa gefe. Wani amalanke ne a gaba, shanu biyu na ja, an lafta buhunan shinkafa. Ya fizgo sitiyari, ya wuce su da abin da bai fi taki ɗaya ba. Mai amalanken ya ɗaga sanda yana faɗin wani abu. Sirajo ya gangara gefen titi ya tsaya.

Ya zauna inji na aiki. Fadama shimfiɗe a hagunsa, kore shar, balbelu na bin masu noma. Zuciyarsa ba ta buga da sauri ba. Ya lura da haka, ya yi mamaki kaɗan.

Can sai ya tuna abu guda. Biyu ja ce, huɗu ma ja ce. Uku da biyar su ne turi. Ya sa hannu biyu ya shigar da lamba ɗaya, ya tashi, ya ja biyu, ya ba ta wuta har inji ya yi tsuwa. Sannan ya dungure sandar da gindin tafinsa ta faɗo tsakiya, ya ja ta baya. Huɗu ta shiga. Motar ta yi ɗan tari, ta miƙe.

Haka ya wuce Ambursa. In ya ga rami ko garken awaki ya sauko biyu, in hanya ta buɗe ya koma huɗu. Motar da aka yi don gudu ta riƙa tafiya kamar ta ɗauko amarya. Motocin haya suna wuce shi suna hon, wani direba da ya san shi ya leƙo ya ce, "Sirajo, ƙwai ka ɗauko?" Ya ɗaga masa hannun hagu.

Ana kiran azahar ya shiga Argungu. Injiniya Zulkifli, saurayi mai tabarau, ya fito da gudu ya zauna a kujerar direba. Ya riƙa shigar da giya ɗaya bayan ɗaya da yatsu uku, ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana dariya.

"Wa ya zaɓo wannan?"

"Ni ne, ranka shi daɗe."

"Kai, ka san mota." Ya ga ƙunshin takardar siminti a baya. "Wannan fa?"

"Tsohuwar ce."

"Ɗauki abarka. Me zan yi da muciya?"

Sirajo ya hau motar haya a tasha, ya zauna baya, ƙunshin a kan cinyarsa. Duk hanya idonsa na kan hannun direban, yadda yake tura giya yana hira da na kusa da shi, bai ma san yana yi ba. Ya tuna hanyar Kwatano. Kwana biyu. Tireloli nan gaba nan baya, da wuraren da in ba ka sami lamba uku cikin ƙiftawar ido ba, sai dai a ɗauko ka. Ya tuna shanun nan biyu, da yadda ɗayan ya juyo da kai ya dube shi.

Bayan la'asar ya sami Alhaji a kan tabarma gaban shagonsa.

"Ta kai?"

"Ta kai lahiya, Alhaji. Ya ji daɗinta."

"Madalla. To Litinin ke nan. Tamba zai biyo maka da asuba."

Sirajo ya durƙusa. Ba wanda ya ga abin da ya faru a hanya sai mai amalanke. Ya san haka.

"Alhaji, da biyu da huɗu na kai ta."

Alhaji ya daina jan carbi. Shi ma tsohon direba ne, ba a buƙatar yi masa bayani. A karo na farko cikin wata bakwai ya dubi hannun sosai, tun daga kafaɗa har yatsu.

"Uku ta ƙi?"

"Ba ita ta ƙi ba."

 Wani mai babur ya wuce.

"Kwatano dai a'a ke nan," in ji Alhaji a hankali.

"A'a ke nan."

"Allah shi sa haka ya fi alheri."

"Amin."

Sirajo ya tashi. Ya yi zaton in aka faɗi maganar wani abu zai karye masa a ƙirji. Ba abin da ya karye. Ƙafafunsa suka bi da shi hanyar gareji, ƙila don ƙunshin da ke hammatarsa ba nasa ba ne a ganinsa.

Malami na wanke hannu da kananzir. Ya karɓi ƙunshin ya buɗe, ya dubi doguwar sandar, ya dubi Sirajo. Bai yi barkwanci ba.

"Da na hwaɗa maka," ya ce.

"Da na tambaya, Baba."

Malami ya jawo wata tsohuwar kujerar mota da ke jingine da bishiya. "Zamna nan. Doguwa ana iya lanƙwasa ta ta zo wurin mutum. Ban san motar da za mu sa ma ita ba, amma zamna."

Sirajo ya zauna. Malami ya tsinto waya daga ƙasa don yin awo, ya kama hannun daman Sirajo da hannunsa mai warin kananzir, ya ja shi gaba a hankali.

"In ya tsaya ka ce mini."

"Ya tsaya."

Malami ya lanƙwasa wayar daidai wurin.