Dalma Hamsin da Shida

A unguwarsu ta Gummi babu gidan da Kausar ba ta san bayan ɗakinsa ba. Tun da ta gama sakandare ta lura cewa masu sayen kayan bola maza ne, iyakarsu ƙofar gida su yi ta kira, alhali tarkacen yana can ciki wajen matan da ba sa fita. Sai ta ɗauki buhu ta zama ita ce ƙafarsu. Ta karɓo, ta kai, ta kawo wa kowacce kuɗinta, a ba ta ladan tafiya. 'Yan matan da suka fara yi mata dariya ba su daɗe ba suka koma tambayarta ko tana neman abokiyar aiki.

Tambayoyin matan kuwa kullum iri ɗaya ne, har ta haddace su kamar karatun allo.

"Wagga robar da ta hwashe, ana saye?"

"Ana saye, in mai kauri ta."

"Kwalba hwa?"

"A wanke ta, masu man gyaɗa na so."

"To tsohon batir?"

"Kar ki hwasa shi, aje shi nesa da yara."

Abu ɗaya ne ba ta sayarwa, shi ne sanholo, farin ƙarfen nan marar nauyi da ake yin gwangwanin lemo da shi. Wannan tarawa take yi, domin tana da buri. Innarta, Uwani, shinkafa da wake take sayarwa a ƙofar gida, kuma rabin masu cin abincinta 'yan firamare ne. Babbar tukunyarta ta huje a gindi, an liƙe, an sake liƙewa, har mai liƙin ya ce a bar wahalar da bayin Allah. Sharu mai zubin tukwane, wanda rumfarsa ke bayan kasuwa, ya ce wa Kausar in ta kawo sanholo buhu biyu tare da tsohuwar tukunyar, zai zuba mata sabuwa.

Wata uku tana tarawa. Kuma da yake yarinya ce mai tsari, ta ƙirƙiro dabara: duk ƙaramin abu, guntun cokali ne ko marfin kwalba, sai ta jefa shi cikin gwangwani don kada ya ɓace, sannan ta ɗora kan dutse ta buge bakin ya rufe. Ranar farko a turmi ta so ta daka su, Inna ta fizge taɓaryar da wani irin zafi da Kausar ba ta taɓa gani ba, ta ce ƙarfe da dutse ba sa shiga turmin gidanta. Kausar ba ta tambayi dalili ba. Ta san daga Dareta suka taso tana goye, shekarar da gubar dalma ta yi ta kashe yara, ta kuma san yayanta Lirwanu yana cikin waɗanda aka binne. Iyakar abin da ta sani ke nan, don Inna ba ta zancen, kuma ko sunansa ba ta kamawa, da yake ɗan fari ne.

Ana saura mako guda a yi zubi sai Tasalla, matar wani masunci, ta ba ta kyautar ƙullin tsumma. A ciki akwai 'yan dunƙulallun ƙarafa masu ruwan toka, waɗanda aka cire daga tsohon birgin mijinta, ragar nan da ake wurgawa ta nutse da kifi. Kausar ta ji nauyinsu a tafin hannu, daɗi ya kama ta. Ga ƙanƙanta ga nauyi, ai tukunya ta samu ƙwari. Ta rarraba su cikin gwangwanaye ta buge bakinsu kamar yadda ta saba. A saninta dalma ƙura ce da ke fita daga dutsen zinariya, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa abu ce da mutum zai riƙe a hannu har ya yi murna ba.

Ranar zubi da hantsi suka isa rumfar Sharu, ita da Inna, mai kura na biye da buhunan. Sharu dattijo ne marar yawan magana, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Ya riga ya hura gawayi, ya girka kaskon narki, ya kuma danna yashi mai laima a cikin akwatin katako, ya zare tukunyar gwaji, siffarta ta zauna a ciki. Aka zazzage buhun farko. Gwangwanaye suka zubo da ƙararsu ta banza, ƙwaram-ƙwaram, sai guda ɗaya ya gangaro gaban Inna ya faɗi tim, bai yi tsalle ba.

Inna ta sunkuya ta ɗauka. Ta ɗaga shi sau ɗaya a tafin hannunta, fuskarta ta canza.

"Sharu, dakata. Buɗe min wanga."

Ya sa almakashi ya farke shi. Dunƙulen ya faɗo. Ya karce shi da farce, wurin ya yi ƙyalli, ya goga shi a jikin katako ya bar baƙin layi.

"Dalma ta," in ji shi. Ya dubi Kausar. "Ɗiyata, guda nawa kika sa?"

Ta ce ba ta ƙirga ba, kuma ba ta san gwangwanayen da ta sa su ba. Sharu ya yi mata bayani a hankali, ba tare da faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo: in dalma ta narke cikin tukunya, ba a ganinta, ba a jin ɗanɗanonta, kullum aka ɗora wuta sai ta ɗan sallama kanta cikin abinci, kuma yara take fara kamawa. Kausar ta tuna layin 'yan firamaren nan da kwanukansu. Kunya da tsoro suka rufe ta, ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Inna ba ta zage ta ba. Cewa ta yi, "Tahi ki kira Tasalla, ta tambayo mai gidanta ko dalma nawa ag ga birginai."

Amsar ta zo tare da Tasalla, tana haki, tana ta ba da haƙuri. Masunci ba ya manta lissafin ragarsa: sittin ya ɗaura da hannunsa, huɗu gulbi ya ci. Saura hamsin da shida.

Sharu ya janye gawayin. Su uku, shi da Kausar da Tasalla, suka zauna a tabarma suna ɗaga gwangwani ɗaya bayan ɗaya, mai nauyi a farke, marar nauyi a jefa gefe. Gwangwani ya fi ɗari biyar. Kafin azahar yatsun Kausar sun yanke wuri uku. Aka jera abin da aka samu a kan faranti, aka ƙirga, aka sake ƙirgawa. Hamsin da biyar.

"Wataƙila biyat gulbi ya ci, ba huɗu ba," in ji Tasalla.

Sharu ya shafa gemu. Ya ce shi dai ba zai zuba tukunyar abinci a kan wataƙila ba. In ba a ga cikon ba, sai dai a sayar da tarin duka ga masu kai wa kamfani, a haƙura. Wata uku na yawon Kausar ke nan, da tukunyar da ta riga ta gani a ranta.

Duk wannan lokaci Inna na zaune gefe, ba ta sa hannu ba. Sai ta tashi, ta gyara mayafi, ta zauna gaban tarin da aka ce ya tsarkaka. Ta rufe ido. Ta ɗauki gwangwani da hannun dama, ta ɗaga shi sau ɗaya, ta ajiye a hagu. Ta ɗauki wani. Tana yi tana magana, muryarta a kwance, kamar mai ba da labarin wata.

"Can Dareta, in maza sunka kawo dutse daga rami, ni aka kira in zaɓa. Dut garin an san hannuna. In na ɗaga dutse, ni kan san mai arziki. Mai nauyi shi muka so. Ni ka zaɓenai, in kai shi tsakar gida, in daka shi ga turmin da nika daka hura. Yayanki na nan gehena yana wasa da garin, yana cewa tuwo yaka yi min."

Gwangwani na wucewa ta hannunta, ɗaya bayan ɗaya, ba sauri ba jinkiri.

"Sai da likitoci sunka zo, sunka kankare ƙasar gidanmu, sannan munka san nauyin nan da nika zaɓe ba zinariya ɗai ba ta. Ke an samu an ba ki magani. Shi bai jira ba."

Masu wucewa suka fara tsayawa. Mai sayar da rake ya ajiye wuƙarsa. Kausar ta zuba wa hannun nan ido, hannun da ta sani da wanke-wanke da tuƙa tuwo, tana mamakin yadda ta shekara goma sha bakwai kusa da shi ba ta san abin da ke cikinsa ba.

Tarin dama ya ragu har ya koma 'yan tsiraru. Sai hannun ya tsaya. Gwangwani ne kamar sauran, Kausar da kanta ta tabbata ya bi ta hannunta ɗazu. Inna ta miƙa wa Sharu ba tare da ta buɗe ido ba. Ya farke. A lungun da ƙarfen ya naɗe, ga 'yar dalma nan a maƙale, ruwa ya cinye ta har ba ta fi ƙwayar wake ba.

"Allahu Akbar," in ji Sharu a hankali. Ya ajiye ta a faranti. Hamsin da shida.

Duk da haka Inna ba ta tashi ba sai da ta ɗaga ragowar har na ƙarshe.

Bayan la'asar aka mayar da wuta. Sharu ya juya wilin keken da ke hura masa iska, gawayi ya yi ja. Tsohuwar tukunya ce ta fara shiga, a farfashe, ta yi laushi ta durƙushe. Gwangwanayen suka bi ta, fentinsu ya tashi da hayaƙi. Ya kwashe dattin da ya taso sama, sai ga ruwan ƙarfe fari tas yana rawa a kasko, har Kausar ta hango sararin sama a cikinsa. Abin da aka zubar a bayan ɗakuna, kaji suka taka, yara suka yi ƙwallo da shi, shi ne wannan. Ya kama kaskon da awartaki, ya yi bisimilla, ya tsiyaya ta ƙaramar kafar da ya bari a yashin. Yashin ya yi huci. Aka jira kaɗan, ya buɗe katakon, ya buge yashin da guduma, ya zube.

Tukunya ta fito da kunnuwanta biyu, tana tururi.

Da ta huce, Sharu ya goge bakinta da zarto, ya matsa gefe. Inna ta kama kunnuwan biyu ta ɗaga, ta rufe ido kamar ɗazu. Kowa na jiran hukuncin hannun. Ta daɗe a haka.

"Sakayau take," in ji ta.

Ta ɗora wa Kausar a ka, ta gyara mata gammo, ta bar hannunta a jikin tukunyar ɗan lokaci.

"Da Lirwanu na nan, shi za ya ɗaukar miki."

Kausar ba ta taɓa jin sunan nan daga bakin Inna ba sai ranar. Ta riƙe tukunyar da hannu biyu, suka kama hanyar gida, don akwai waken da za a jiƙa kafin gobe.