Agwagwar Kyaftin Purnell

A garinmu na Teague Point, in Satumba ya kama, ba fuskar mutum ake duba ba, shingen gidansa ake duba. Duk maharbin da ya san ciwon kansa zai fito da agwaginsa na katako, waɗanda ake zubawa a ruwa don yaudarar masu rai su sauko, daga rumfa, ya goge su, ya toshe ramukan harsashi, ya yi musu sabon fenti, ya jera su a kan shinge su sha iska kafin agwagin gaske su iso daga arewa. Mutum biyu kawai ake yi wa uzuri in aka ga agwaginsu sun koɗe, mashayi da mamaci. Mashayin ma sai an yi da shi a kanti.

Kyaftin Purnell Dize bai taɓa tsallake Satumba ba. Kada sunan kyaftin ya ruɗe ku, kowa a nan kyaftin ne muddin ya taɓa mallakar kwalekwale, ko da kuwa ya nutse. Shekarunsa saba'in da ɗaya a kakar 1987, kuma tun yana ɗan sha huɗu yake sassaƙa. Zai faskara itacen sida, wani ice mai jure ruwa, da ɗan gatari, ya bi shi da wuƙa da magagari, ya dasa kai, ya buga dalma a ƙasan ciki yadda ko igiyar ruwa ta kifar da agwagwar za ta miƙe da kanta. Ba ya zana gashi ɗaya-ɗaya irin na masu zuwa gasa. Jan kai, baƙin ƙirji, farin baya, shi ke nan, yakan ce agwagwar da ke sama ba ta zuwa da tabarau. Kuma suna sauka. In aka zuba agwaginsa sittin a ruwa, garken da ke wucewa can sama sai ka ga ya karyo kamar an kira shi da suna.

Abu ɗaya ke cin ransa. Shi da matarsa Ardella Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ba shi da wa ko ƙane da ya rage. Agwagin da ya sassaƙa sun fi dubu huɗu, amma duk maharbin da ya saya sai ya ƙona haruffan nasa sunan a cikinsu da ƙarfe mai zafi, don kada su ɓata. Saboda haka aikin Purnell ya cika fadamun ƙasar nan da sunayen wasu. Yana tsoron ranar da za a binne shi a binne sunansa tare da shi, tsoro na gaske, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba sai Ardella.

Ana haka sai aka ji labarin za a buɗe gidan tarihin agwagin katako a babban garin gundumar, a tsohuwar masana'antar gyaran kaguwa. Aka ce za a sa aikin manyan masassaƙa a akwatunan gilashi, kowanne da sunan mai shi a kan farantin tagulla. Aka kuma ce an turo wata masaniya daga birnin Baltimore tana bin gari gari tana zaɓe. Purnell ya ce wa mutanen kanti shi wannan shirme bai dame shi ba. Daga nan ya wuce gida ya yi wa agwaginsa shafi na biyu.

Masaniyar, Dakta Lenore Whitlock, ta iso ranar wata Talata da takalmin roba sabo fil wanda bai taɓa ganin laka ba. Agwagi tamanin suna ƙyalli a kan shinge, ta wuce su kamar ta wuce shanya. Ta shiga rumfar aiki, ta duba sama, ta tambaya me ke kan dakalin rufi. Purnell ya ce tarkace ne da kashin ɓera. Kafin ya rufe baki ta taka tsani. Can sai aka ji ta yi wata 'yar ƙara, Ardella ta zaci ɓeran ta gani.

Ta sauko rungume da wata agwagwa da shi kansa ya manta da ita. Ya sassaƙa ta yana ɗan sha takwas, ta yi damuna da rani a ruwa, har ranar da marigayi yayansa ya kuskure ya ɗirka mata harsashi ya tsaga baki, sai aka jefa ta sama. Fentin ya tsattsage kamar busasshen tafki, farin ya koma ruwan toka, ido ɗaya ya fice. Dakta ta sa farin safar hannu, ta fito da gilashin ƙara girma, ta ƙirga ramukan harsashi guda goma sha ɗaya da muryar mai karanta addu'a. Ta ce wannan fentin farko ne, hannu bai taɓa shi ba shekara hamsin, irinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba a duk gaɓar tekun nan. Ta ce ita za ta sa a akwatin tsakiya, wanda mai shigowa zai fara gani.

Purnell ya yi gyaran murya ya tambaya, wai da sunan wa.

"Da sunanka mana, Kyaftin. Purnell Dize, Teague Point. Akwatunan ne ba su iso ba. Nan da mako uku zan dawo in ɗauke ta. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka taɓa ta. Ko ƙura kada ka share."

Ya ce to. Da ta tafi ya zauna a kan bokiti, Ardella ta ga idonsa ya kawo ruwa ta yi kamar ba ta gani ba.

Maganar kada ka taɓa kuwa, Purnell ya ji ta sarai, ya kuma fahimce ta yadda duk ɗan garin nan zai fahimce ta. Baƙo in ya zo yakan ce kada a wahala, sai a yanka masa kaza. Fasto yakan ce kada a ɗora komai dominsa, ya tashi da wainar kaguwa shida. Matar nan mai tarbiyya ce, ta ga tsoho, ba ta so ta ɗora masa aiki. Duk da haka ya daure kwana biyu, sai da ya yi kuskuren ɗaukar agwagwar a jakar takarda ya kai kanti don abokai su gani.

Thurman Landon ne ya fara karɓa. Ɗan ƙanwar uwar Purnell ne, abokin wasansa tun suna yara, mutumin da bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ya juya ta, ya leƙa ramin idon, ya shinshina.

"Kyaftin, wannan ce za a sa wa sunanka? A Satumba? Mutane daga Baltimore da Philadelphia su zo su tsaya su karanta Purnell Dize a ƙarƙashin wannan? To sai a ƙara rubuta ko giya ce ta kayar da kai ko mutuwa, don kada su yi ta tambaya."

Kanti ya ɗauki dariya. Wani ya ce ko makaho ya shafa ya san mai wannan agwagwa ba shi da mata. Purnell ya mayar da ita jaka ya fita bai ƙarasa kofinsa ba.

Ardella ta ga ya ɗauko gwangwanin fenti, ta tuna masa abin da matar ta ce. Ya ce mata shekara hamsin da bakwai yana wannan sana'a bai taɓa barin agwagwa ta fita daga gidansa ba fenti ba, ba kuma zai fara da wadda za ta ɗauki sunansa har abada ba. Ta ce to, ai kansa ne, ta koma ga tukunyarta.

Kwana tara ya yi a kanta. Ya kankare tsohon fentin tas har sai da farin itace ya fito. Ya toshe ramukan nan goma sha ɗaya, ya goge su har yatsa ba ya jin wurin. Ya ɗinke bakin da gam da siririyar ƙusa, ya sa mata sabbin idanu na gilashi jajaye. Ya dama fari da man fenti da hannunsa, ya yi shafi uku, ya ja layin ƙirji da burushin da yake ɓoyewa a aljihun rigar coci. Gaskiya ita ce, a duk rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Ya ɗora ta a tsakiyar shinge, Thurman da kansa ya zo ya cire hula ya ce yanzu aka yi magana.

Ranar da Dakta Whitlock ta dawo, da akwati mai laushin ciki ta zo. Purnell ya sa farar riga, ya kai ta bakin shinge, ya nuna da haɓa, yana jiran yabo. Ta dubi agwagwar, ta dube shi, ta tambaya ina waccan. Ya ce ai ita ce wannan. Sai ta nemi wurin zama. Ardella ta kawo ruwa.

Da ta samu bakin magana, ta yi masa bayani a hankali kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Abin da gidan tarihi ke nema shi ne tsagewar fentin nan, da ramukan, da dattin shekara hamsin, shi kuma ya kankare su ya share ya zubar. Wannan da ke gabanta agwagwa ce mai kyau ƙwarai, kuma kyan ne matsalar, don kowa na iya samun irinta. Purnell ya ce itacen dai shi ne, hannun da ya sassaƙa shi ne, hannun da ya yi fentin farko shi ne ya yi na yanzu, har ma ya fi iyawa. Ta ce ta sani, amma hannun yanzu yana nan da ransa. Ta ga abin da ta faɗa bai yi daɗi ba, ta ba da haƙuri. Ta ce saura kwana goma a buɗe, in ya samu wata mai tsufa da rauni irin waccan ya kira ta. Ta tafi da akwatinta wayam.

Ba shi da wata. Mutumin da bai taɓa tsallake Satumba ba, ina zai samu koɗaɗɗiyar agwagwa? Ya daina cin abinci sosai. Thurman, wanda ya san da hannunsa a ciki, ya zo da shawara don ya wanke kansa. Ya ce tunda lalacewa suke so, ai lalacewa ba ta da wuya. A goge ta da yashi, a ja ta a bayan kwalekwale, a binne ta a laka kwana uku. Ramukan harsashi kuma, bindiga na nan, sai dai a ɗora ta a ruwa a harba daga nesa don su shiga a karkace kamar na gaske. Da lafiyar hankalinsa Purnell zai kore shi da gatari. Amma farantin tagullar nan ya tsaya masa a rai.

Ya yi na yashi, ya yi na laka, yana yi zuciyarsa na ƙuna. Ranar Asabar da hantsi ya ɗauki bindiga ya tafi ɗan rafin bayan coci, inda yake ganin ba kowa. Ya ɗaure mata dalma da igiya, ya jefa ta. Ta kife, ta miƙe da kanta, ta zauna daram tana kallonsa da jajayen idanunta. Abin da ya manta shi ne ranar matan coci ke cinikin wainar kaguwa a filin da ke bayan ciyayin, kuma rabin gari na can.

A nan garin, ba abin kunya ga maharbi kamar ya harbi agwagwa tana zaune a ruwa. Sai ta tashi ake harbi, yara ma sun san wannan. Purnell ya ɗaga bindiga, idonsa ya cika da hawaye har ba ya gani sosai. Ya harba, ruwa ya fantsama can gefe. Ya sake, ya kuskure. Ƙarar ta jawo mutane, suka ratso ciyayi da faranti a hannu, har da fasto, suka tsaya suna kallon Kyaftin Purnell Dize yana fafatawa da katakon da aka ɗaure da igiya. Ya matsa kusa ya yi na uku. Kan ya fille ya yi sama, gangar jikin ta dare gida biyu.

Ba wanda ya yi dariya a lokacin. Da yamma aka fara, ba a kuma daina ba. Jami'in kula da namun daji ya zo washegari saboda ba a buɗe lokacin farauta ba, ya yi ta buɗe littafinsa, bai samu dokar da ta hana kashe katako ba, ya sha kofi ya tafi. Aka buɗe gidan tarihi, aka sa agwagwar wani mamaci a akwatin tsakiya.

Kafin sanyi ya wuce, duk wanda ya kuskure harbi mai sauƙi sai a ce ya yi Purnell. Daga fadama maganar ta shiga jiragen kamun kaguwa, ta shiga filin ƙwallo, ta haye gada ta bar gundumar.

Bayan shekara uku, wata safiya yana zaune a kanti, wasu maharba biyu baƙi daga jihar Delaware suka shigo sayen harsashi. Ɗayan yana tsokanar ɗan'uwansa cewa jiya ya yi Purnell har sau biyu. Thurman ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ajiye kofinsa ya tambayi baƙon, wai shi wannan Purnell ɗin wane ne.

"Wa ya sani, baba? Haka muka ji ana faɗa. Wani tsohon maharbi ne dai da bai iya komai ba, ina jin ya mutu tun tuni."

Purnell ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko can Delaware ma kowa ya san sunan, baƙon ya ce har yara.