Shaidar Baba Direba

Baba Direba ya yi shekaru yana jan babbar motar haya kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Wata safiya ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, hannun ya ƙi zuwa. Daga nan sai asibiti, sai keken guragu, sai ɗakin gashin ƙashi mai dogayen ƙarafa biyu da ake dafawa ana koyon tafiya kamar yaron goye. Matarsa, wadda yake kira Uwargida duk da ita kaɗai gare shi, ita ta yi ta tura keken nan har tafin hannunta ya yi kanta. Bakinsa ya ɗan karkace, amma bai hana shi zuba ba. Ma'aikaciyar gashin ƙashin takan ce da ƙafarsa na aikin da bakinsa ke yi, da tuni ya shiga gasar tsere.

Sannu a hankali ƙafar ta dawo. Ya fara da dafa bango, ya koma dogara sanda. Hannun hagu ne ya ƙi sakewa, yatsun suna nan a lanƙwashe. Aka naɗe keken aka jingine shi a bayan ƙofar falo, Baba Direba kuma ya sanar wa Fasto cewa ranar Lahadi mai zuwa zai tsaya gaban ikkilisiya ya ba da shaida.

Ranar Alhamis sai ga ɗan ƙanwarsa, wanda kowa ke kira Ɗan Hoto don shi ke ɗaukar bidiyon sujada yana sa wa a shafin majami'ar. Ya gaishe su, ya zauna a hannun kujera, idonsa na kan keken.

"Kawu, ina da shawara kan shaidar nan. Ranar Lahadi za ka shigo a keke. A tura ka gaba, Fasto ya ɗora maka hannu, sai ka miƙe. Ni kuma ina gefe da kyamara."

"Ai na daɗe da miƙewa," in ji Baba Direba.

"Na sani. Amma ba ƙarya ba ce, Kawu. Ka zauna a keken nan ko ba ka zauna ba? Allah ya tashe ka ko bai tashe ka ba? Taƙaitawa kawai za mu yi. Mutanen yanzu ba sa tsayawa kallon dogon labari, yatsa suke sawa su wuce. Dubi majami'ar bayan gidan mai, kowane mako sai sun sa bidiyon wani ya jefar da sanda, yanzu har a waje ake jera musu kujeru. Mu kuwa bencin baya sai ƙura."

"Fasto ya sani?"

"Na taɓa masa zancen a tsaitsaye. Bai ce a'a ba."

Baba Direba mutum ne mai son a kalle shi, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Ya hango kansa a wayar kowa, har da tsofaffin abokan aikinsa na tasha. Ya ce a jawo keken a gwada. Ɗan Hoto ya buɗe shi, ya kaɗe ƙurar, Baba Direba ya shiga ya langaɓar da kai ya marairaice fuska. Da aka ba shi alama sai ya zabura ya miƙe da ƙarfi, keken ya gudu baya ya bugi teburin talabijin, shi kuma ya tafi luu sai da ya rungumi labule. Ɗan Hoto ya yi dariya har da riƙe ciki.

Uwargida tana tsaye a ƙofar kicin da wuƙa da albasa a hannu. Ba ta yi dariya ba.

"Maigida, ashe haka abin ya faru?" ta ce. "To ni wa na yi ta turawa a hawan asibitin nan? Ko mafarki nake yi?"

Ta koma ciki. Baba Direba ya gyara rigarsa ya ce wa yaron, "Ƙyale ta, albasa ce ta shigar mata ido."

Washegari ya dogara sandarsa ya tafi duba Mai Aski. A ɗakin gashin ƙashi suka saba, ciwonsu ɗaya, majami'arsu ɗaya. Shi Mai Aski ya daina zuwa gashin tun da daɗewa. Baba Direba ya same shi a bakin shagonsa cikin keke, wani da ya ɗauka aiki yana ciki yana yi wa mutane aski, injin na ta ƙugi. Waya ce a cinyarsa, yana kallon wata mata da ta jefar da sanduna tana tsalle a gaban taro.

"Har yanzu kana gudun ƙarafan nan?" in ji Baba Direba yana zama a benci. "Ma'aikaciyar gashin nan tana ta cigiyarka. Ta ce ta rasa wanda za ta yi wa faɗa."

Mai Aski ya kife wayar. "Surukina ya ce zuwa gashi alamar ƙarancin bangaskiya ce. Wai mai bangaskiya tashi ɗaya yake yi. Ya kai ni wurare, an shafa mini mai, an yi mini tsawa a ka. Kowa na tashi ban da ni." Ya ɗago kai ya ce, "Direba, kai da kake karanta Littafi Mai Tsarki, gaya mini. Me na yi wa Allah?"

Baba Direba ya gyara zama. Ya dubi benci, ya dubi gashin da iska ke sharowa daga cikin shago. Abin da ya zo masa shi ne, jibi wannan mutumin zai zauna a gefen majami'a inda ake ajiye kekensa, ya ga abokin da suka yi gumi tare a kan ƙarafa ya miƙe farat ɗaya kamar bai taɓa faɗuwa ba.

"Ka zo sujada jibi," ya ce. "Zan ba ka amsa a can, gwargwadon abin da na sani."

Daga nan ofishin Fasto ya wuce. Fasto ya ture takardun wa'azinsa gefe ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido.

"Yaron ya gaya mini a bakin ƙofa ina sauri," ya ce. "Na gyaɗa kai. Na gaji da ganin kujeru ba kowa, Baba, shi ya sa ban tsaya na auna ba. Ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru. In mun cika ɗakin nan da abin da ba haka yake ba, sunan wa muka ɗaukaka?"

Ɗan Hoto ne bai ji daɗi ba. A waya ya ce, "Kawu, ba wanda zai kalla."

"To ka kalla kai da uwarka. Ai kun kai biyu."

Ranar Lahadi da mawaƙa suka zauna, Fasto ya kira shi. Baba Direba ya taso daga bencinsa da sanda. Tafiyar ta ɗauki lokaci, ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa, ba wanda ya yi tari. Ya hau matakalar da kansa, ya karɓi makirufo da hannun dama.

"'Yan'uwa, ku yi haƙuri da jinkirin," ya ce. "Motar tsohuwa ce, giya ɗaya ta rage mata."

Aka fashe da dariya. Ya jira ta lafa.

"Na zo in gode wa Ubangiji ne. Yesu da ya ce wa gurgu ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa, yana nan, kuma na gaskata zai iya yi wa kowa haka a yau. Amma ni ba haka ya yi mini ba, kuma ba zan ce ya yi abin da bai yi ba. Ni a hankali ya bi da ni. Ya ba ni likita. Ya ba ni wata mata a ɗakin gashi mai faɗa kamar sajan. Ya ba ni wannan da ke zaune can tana ɓoye fuska da gyale, wadda ta yi mini wanka, ta ba ni abinci a baki, ni kuma ina yi mata masifa wai gishiri ya yi yawa. Akwai ranar da na faɗi a banɗaki na yi kuka kamar yaro, na ce wa Allah ya ɗauke ni in huta. Bai ɗauke ni ba. Washegari babban yatsan ƙafata ya motsa. Wannan yatsa, 'yan'uwa, mun yi masa waƙa ni da Uwargida har maƙwabta suka leƙo."

Ya ɗaga hannun hagu sama yadda kowa zai ga yatsun.

"Wannan kuma bai buɗe ba. Na roƙa, ina kan roƙo. Manzo Bulus ma ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba, alheri aka ƙara masa. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya? Saboda haka in akwai wanda ke zaune nan yana tambayar me ya yi wa Allah da bai tashi ba, ni dai ban ga inda aka rubuta cewa jinkiri fushi ne ba. Bai manta da kai ba. Ka yi addu'arka, ka sha maganinka, ka je gashinka. Shi ke nan shaidata."

Wata tsohuwa a gaba ta ɗauko waƙar godiya ba tare da an sa ta ba, mai ganga ya bi ta, ɗaki ya ɗauka. Baba Direba ya taka rawa a kan matakala da ƙafa ɗaya da sanda, Fasto na riƙe da gefen rigarsa kada ya gangaro.

Bayan an tashi, mutane suka yi masa caa a bakin ƙofa. Wani dattijo ya raɗa masa cewa shi ma ya daɗe da ɓoye maganin hawan jininsa don kada a ce ya raunana. Mai Aski ya sa aka turo shi kusa. Idonsa ya yi ja, amma murmushi yake yi.

"Ranar Talata har yanzu ake zuwa gashin?" ya tambaya.

"Talata. Ka zo da kunnen jin faɗa."

Ɗan Hoto ya zo yana naɗe wayar kyamara a hannu, yana sosa ƙeya. "Kawu, na nemi inda zan yanke na rasa. Zan sa shi dukansa."

"Ka dai gyara mini hancin ya yi tsini."

"Wannan kuma ai ƙarya ce, Kawu."

Aka yi dariya, har da Uwargida.

Wani ya ce zai kai su gida a mota, Baba Direba ya ce a bar su su taka. Sun kai rabin layinsu hadari ya haɗo, ruwa ya sauko ba sallama. Masu talla suka kwashe kaya, yara suka watse, kowa ya ruga neman rumfa. Uwargida ta ja shi a hannu ta ce su yi sauri.

"Wane sauri?" ya ce. "Ki tafi ki fake, zan same ki."

Ta dube shi, ruwa na zuba ta gefen hularsa. Sai ta sunkuya ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta saƙala ɗayan hannun a nasa na hagu. Suka ci gaba a tsakiyar titi, a jiƙe sharkaf, tana rera waƙar da tsohuwar nan ta ɗauko, shi kuma yana amsawa da muryarsa mai kama da tsohon inji, mutanen da ke ƙarƙashin rumfuna suna kallonsu suna dariya.