Rabin Ƙwayar Malam Labbo

Dakta Foluke ta sake duba takardar gwajin, sannan ta kalli Zakiyya ta saman tabarau.

"Kin tabbata Baba yana shan maganin nan kullum?"

"Kullum, likita. Bayan la'asar nake kiransa, ba na kashe waya sai na ji ya haɗiye."

Wata takwas ke nan Zakiyya tana wannan aikin, tun ranar da mahaifinta, Malam Labbo, ya faɗi cikin kwalekwalensa a gulbin Argungu, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. An ce zuciyarsa ce ba ta bugawa daidai, jini ya dunƙule a ciki, gudan ya tafi ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. Aka ɗora shi kan maganin tsinka jini, da gwaji duk wata don a ga saurin daskarewarsa. Duk wata kuwa sai ta bar ajin da take koyarwa a Gwadangaji, ta tarbo shi a tasha, su wuni kan bencin asibiti. Hannunsa ya dawo har yana gyaran taru. Ita ce ta rame.

"Lambar nan tsakanin biyu da uku muke son ta," in ji likitar. "Tasa ɗaya da ɗigo uku ce, kusan ta wanda bai sha komai ba. A haka wani gudan zai iya tafiya ko yau, kuma na biyu bai cika zuwa da sauƙi ba."

Zakiyya ta juya. Tsohon ya tsura wa fankar sama ido kamar yau ya fara ganin irinta.

"Baba."

"Na'am, ɗiyata."

"Me kake haɗiyewa in na kira?"

"Magani mana." Ya gyara hula. "Rabi."

"Ɗaya rabin fa?"

"Abokina Malami nake ba," ya ce a hankali. "Shekara arba'in muna su tare a gulbi. Hannunai ya fara nauyi, ba shi da ɗiya malama da za ta kai shi asibiti. In sha ni kaɗai yana kallona?"

Zakiyya ta tuna takardar gargaɗin da shugaban makaranta ya ba ta saboda yawan neman izini, da yadda ta hana Baba zogalen da yake so don kada ya dagula maganin. Ashe da wuƙar fiɗar kifi ake raba wahalarta biyu.

"Baba, wannan ba goro ba ne," in ji likitar, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kai rabi bai ishe ka ba. Shi kuma ba mu san abin da ke damunsa ba. Idan hawan jini ne, maganin nan zai iya sa jini ya zuba masa a kai."

Hannun tsohon ya sauko daga hular.

A tasha, maimakon ta sa shi a mota ta koma makaranta kamar kullum, Zakiyya ta shiga ta zauna kusa da shi. Ta kira shugabanta ta nemi izinin gobe, ta saurari faɗansa har ya gaji.

"Gobe da sassafe zan kawo Baba Malami a duba shi," ta ce, idonta na kan titi. "Kai kuma daga yau guda za ka sha, a gaban ƙanwarka Goggo, ita zan riƙa kira."

"To."

Sun yi nisa cikin fadamun shinkafa kafin ya yi gyaran murya.

"Zakiyya, in gwaji za a yi, ki nemi wurin mutum biyu. Malami na ɓalla ma matatai kaɗan, don ciwon gwiwa."

Ta jingina goshi da kujerar gaba. Da ta ɗago, sai ta sake laluben lambar shugaban makaranta, don izinin kwana ɗaya ba zai isa ba.