Awa Uku a Allon Baba

A masana'antar magungunan ana kiransa Baba Agogo, don shekara talatin bai taɓa kuskuren lokacin sauke tukunya ba. Babbar 'yarsa, da ta gaji aikin, ita ke kula da tukunyar ƙarfen da ke kusa da tasa.

Abin da ya fara koya mata shi ne sinadarin da suke dafawa hanya biyu yake bi a lokaci guda. Wani kaso ya zama magani, wani ya zama dauɗa mai ɗaci, kuma duk biyun suna cin sinadarin. Wanda ya lissafa saurin hanyar magani kaɗai zai ɗauka da sauran lokaci, alhali sinadarin ya ƙare, maganin kuma yana ƙonewa a wuta.

Da safen nan ta ɗaga kai ta ga Baba ya rubuta a allo: awa uku. Ta bi layukan lissafin da ido. Hanya ɗaya ya lissafa. Amsar awa biyu ce.

Kuskurensa na uku ke nan a wata ɗaya. Manaja, mutumin da bai san warin sinadari ba sai na turarensa, ya riga ya ce in tukunya ta sake lalacewa tsohon zai tafi gida. Ita kuwa ta san Baba, in aka raba shi da ɗakin nan an gama da shi. Awa biyu na cika, ya fita wanke hannu, ta kashe wutar tukunyarsa.

Da ya dawo ya ɗebi kaɗan a kwalba, ya ɗaga wa haske. Garau. Sai ya juya ga allon, ya daɗe yana kallo, fuskarsa ta murtuke.

"Ke, zo nan. Wane sakarai ne ya rubuta wannan? Ina hanya ta biyu?"

Ta dubi lambar bakwai mai ƙugiya a cikin lissafin, rubutun hannunsa da ta sani tun tana firamare.

"Ban sani ba, Baba."

"To ki bincika, ki kai wa manaja sunansa. Irin wannan zai kashe mutane. Bai kamata ya ƙara kwana a wurin nan ba."

"To, Baba," ta ce, ta ɗauki tsumma ta goge allon.